Yadda Za Ka Ƙera Kumbon Yaƙi a Ƙagaggen Labarinka

Ajiye zancen makamai tukuna. Fara da aikin da kumbon zai yi: rakiyar kumbunan dakon kaya, ko gadin wata duniya, ko farautar abokan gaba? Nawa, mai suna Shirwa, ɗan rakiya ne mai ɗaukar mutum 40, don haka ban jibga masa manyan bindigogi ba. Sunan rukunin, wato jerin kumbunan da aka ƙera iri ɗaya, ba wuya. Sojojin ruwa kan kira rukuni da sunan jirgin farko da aka ƙera, kamar rukunin Nimitz na jiragen ruwan yaƙin Amurka masu ɗaukar jiragen sama. Kai ma yi hakan.

Inda nake so ka daɗe shi ne zafi. Babu iska a sararin samaniya, saboda haka zafin inji da na makamai, har da na jikin mutane, ba abin da zai kwashe shi sai lagireto, wato faffaɗan faranti da ke fitar da shi a hankali. Dubi hoton Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa: fararen faranten nan da ke gefenta, sinadarin amoniya ke zagayawa cikinsu yana ɗauke zafi. To, Shirwa yakan naɗe nasa in za a gwabza, don kar a harbe su. Daga lokacin ciki ya fara ɗumama, gumi na tsatsafo wa matuƙi a goshi, kwamanda na duban ma'aunin zafi yana lissafin mintunan da suka rage. Wannan raunin ya ba ni babi mafi daɗi a labarin.

Sai tafiya. Kashe inji ba ya tsayar da kumbo. Dole ya juya baya ya kunna injin don ya rage gudu, kuma hakan ma mai yake ci. Ka san yawan man da ke tankinsa kafin ka tura shi fagen daga.

Nisa ma makami ne. Haske na gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa. Maƙiyin da ke nesa kamar tsakaninmu da wata, inda yake fiye da daƙiƙa 1 da ta wuce kake gani. Shi ya sa na ba Shirwa makamai masu linzami da ke gyara hanya da kansu.

Kuma kar ka rubuta ƙarar fashewa daga waje. Mutanen ciki walƙiya kawai za su gani a allo, sai in ɓaraguzai sun bugi jikin kumbon su ji ƙarfe ya amsa.