Yadda Ake Tsara Lokacin Labari da Fitowar Jarumai a Filin Wasan Yara na Sallah

Idan kwamitin matasanku a Aboabo ko Asawase ko Sawaba a Kumasi zai haɗa wa yara filin wasa a ranakun sallah, da lilo da majigi da samari sanye da kayan jaruman wani labari, akwai tambayar da za ku amsa tun kafin ku je kasuwar Kejetia sayen yadi: wace rana ce yau a cikin labarin? Amsarta ce za ta nuna muku wanda zai fito da wanda ba zai fito ba, wa zai tsaya kusa da wa, da irin tufar da kowa zai sa. Kwamitin da ya tsallake ta shi ne za ka tarar da mugun da aka kashe a majigin daren jiya yana zaune a inuwa suna cin waakye kwano ɗaya da wanda ya kashe shi, yara sun zagaye su sun saki baki.

Yadda manyan wuraren wasa suka yi

Kamfanin Disney ya buɗe yankin fina-finan Star Wars da ake kira Galaxy's Edge a Kalifoniya ranar 31 ga Mayu 2019, ya buɗe irinsa a Fulorida ranar 29 ga Agusta, kowanne eka 14. Masu tsarawa suka ƙirƙiro wani garin kasuwa a duniyar Batuu, suka ɗaure lokacinsa tsakanin fim ɗin 2017 da na 2019. Wannan ƙullin shi ya yanke komai. Rey da Chewbacca da Kylo Ren suna yawo a titi domin suna raye a lokacin. Darth Vader kuwa ya mutu tun a fim ɗin 1983, Han Solo a na 2015, Luke a na 2017, don haka lokacin da aka buɗe, mutum ukun da jama'a suka fi sani babu ko ɗaya a cikin yankin. A Fulorida mai son hoto da Vader a wancan lokaci sai ya fita ya tafi wani gini daban.

A 2022 suka sassauta. Boba Fett da Fennec Shand suka fara fitowa a Kalifoniya, daga baya Mandalorian da Grogu, alhali labarinsu ya girmi na Rey da fiye da shekara 20. Dabarar ita ce kowa ya tsaya a zamaninsa: ba sa haɗuwa, ba sa yi wa juna magana, baƙo ne kawai ke ratsawa daga wannan zamani zuwa wancan.

Avengers Campus, yankin jaruman Marvel da Disney ya buɗe a Kalifoniya ranar 4 ga Yuni 2021, bai ɗaure kansa ba sam. Iron Man da Black Widow sun mutu a fim ɗin 2019 amma suna nan suna gaisawa da mutane, domin an ɗauki wurin a matsayin wata duniya ta gefe. Pandora ta Fulorida, da aka buɗe ranar 27 ga Mayu 2017, ta tura lokacinta can gaba bayan yaƙin da ke cikin fim ɗin Avatar, ba kuma wani Na'vi, wato mutanen duniyar Pandora, da ke yawo a titi. Halitta ce mai tsawon kusan mita 3, ba ɗan Adam ɗin da zai sa kayanta ya yi kama.

A ganinmu ƙaramin fili ya fi kyau da ɗaurarren lokaci, domin mutum biyar ko shida ne za su fito, kuma rikicewa ta fi fitowa fili a wuri matsattse. Sai dai ku zaɓi ranar da waɗanda yara suka fi so duk suke raye. A nan ne Batuu ta sha wahala.

Zaɓen labari

Kayan jaruman Disney da Marvel mallakar kamfanoninsu ne, kuma idan kuna karɓar kuɗin ƙofa kun shiga kasuwanci da hakkin wani. Dokar hakkin mallaka ta Ghana ta 2005 ma ta ba tatsuniyoyin gargajiyar ƙasar kariya, wanda zai yi kasuwanci da irin su Ananse, gizon tatsuniyar Akan, akwai hukumar al'adun gargajiya da zai nemi izininta. Ku tambaya da wuri. Haka nan ku kai wa sarkin zango da limamin unguwa bayanin irin shigar da za a yi, ku kuma sanar da 'yan sanda aƙalla kwana 5 kafin taron idan a fili na jama'a ne.

Za mu yi misali da labarin Bayajida, domin kowane Bahaushe ya san shi, kuma yana da irin matsalar nan tsirara: akwai maciji, kuma macijin mutuwa yake yi.

Ku samo dogon kwali ku ja layi ɗaya, ku sa alama a kowane wurin da labarin ya juya: isowar baƙo Daura ya sauka gidan tsohuwa Ayana, kashe maciji a rijiyar Kusugu, safiyar da ake neman wanda ya kashe shi, auren Daurama, haihuwar Bawo. A ƙarƙashin kowace alama ku rubuta abu uku game da kowa: yana raye ko ya mutu, wa ya sani, me ke hannunsa. Nan take za ku ga abin da ba zai yiwu ba. Maciji da Bawo ba za su taɓa haɗuwa a fili ɗaya ba. Muddin maciji na raye, Bayajida baƙo ne da ƙurar tafiya a jikinsa da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa, ba rawanin sarauta, kuma Daurama ba ta san shi ba. To ga iyaye za su nemi hoton su biyu tare, ga yara maciji suka zo gani.

Mafita ita ce a bar labarin ya yi tafiya da rana. Daga buɗe ƙofa bayan azahar zuwa la'asar, ana kafin kisa ne: maciji yana leƙowa daga rijiya, Ayana na ƙofar gidanta, Daurama na fadarta, baƙo na yawo yana roƙon ruwa. Bayan an idar da la'asar, wajen ƙarfe 4:30, a yi wasan kisan na minti 10 a bakin rijiya. A labarin da dare ne aka yi, amma a Kumasi rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6 duk shekara, yara kuma gida za su tafi. Daga nan ba mai sake ganin maciji, ko wutsiyarsa, kuma a lokacin ne Bayajida zai sauya tufa ya zauna gefen Daurama. Bawo ku bar shi. Ku rubuta wannan a allon bakin ƙofa da manyan baƙaƙe, da Hausa da Twi da Turanci, don wanda ya iso ƙarfe 5 ya san ba za a fito masa da maciji ba. Washegari labarin ya koma farko.

Wani ɗan abu: a labarin sai ranar Juma'a maciji ke barin a ɗebi ruwa. Idan sallah ta faɗo Juma'a, sai kowa ya san cewa a cikin filin nan Alhamis ce. Akwai yaron da zai tambaya.

Shimfiɗa fili

Tun ran gini, tun ran zane. Rijiya a wannan kusurwa, fada a waccan, a tsakani ku jera rumfunan masu koko da ƙosai da burkina ko ku ja tampol, yadda wanda ke tsaye a ɗaya ba zai hango ɗayar ba. In za ku gwada, ku tsuguna, domin daga tsayin ɗan shekara 5 ake hango ƙafafu ta ƙarƙashin tampol. Ɗakin sauya kaya ya kasance rufaffe ta ko'ina, ƙofa ɗaya, da fanka da benci da ruwa, da hanyar baya da jama'a ba sa bi.

Ba makawa wani a cikin kwamiti ya riga ya sayi kayan Spider-Man, kuma ba zai yarda a bar shi a gida ba. Ku yi masa rumfa a wajen ƙofa, kada ya taka cikin Daura. Yara baƙi su sa abin da suka ga dama, amma babba ba ya shiga da fuska a rufe. Disney ma ta hana wanda ya kai shekara 14 sa kayan jarumai a ranakun yau da kullum, kuma dalilin a bayyane yake: yaro zai bi duk wanda ya ɗauka ɗan wasa ne.

Jadawali da zafi

Wanda ke cikin kayan soso ya yi minti 20 a waje, ya huta 40. Zafin Kumasi da rana kan haura digiri 30, ga iska mai laima, gumi ba ya bushewa a cikin soso, shi ya sa jiki ba ya samun hanyar hucewa. Da mutum ɗaya, jarumi zai fito sau ɗaya a awa. In kuna son ya fito kowane rabin awa, sai mutum biyu su raba rawar, tsayinsu kusan ɗaya, kowa da rigar cikinsa. Ba a sarki biyu a gari ɗaya: sai na farko ya shiga ɗaki an rufe ƙofa na biyu zai fito. Masu tufafin yadi da fuska a buɗe, irin Daurama da Ayana, za su iya minti 40 a inuwa.

Kowace fita a sha ledar fiya wata guda, rabin lita ke nan, kafin a sa kan soso da kuma bayan an cire. A ajiye ruwan gishiri da sukari. Ku yi alama ɗaya da kowa ya sani, misali ɗora hannu biyu a ka, ma'ana a mayar da ni yanzu. Jiri da ciwon kai da tashin zuciya na nufin wannan ya gama na yau. Idan ya fara sambatu ko ya rikice, a cire kayan duka ko a gaban wa, a zuba masa ruwa, a kira 112.

Layin hoto lissafi ne. Iyali ɗaya na cin kusan daƙiƙa 45, minti 20 kuwa daƙiƙa 1,200 ne, wato iyali 26. Ku ƙirga 25, ku ba na ƙarshe tuta ya riƙe, duk wanda ya zo bayansa a gaya masa lokacin fitowa ta gaba. Rigimar ƙofar ɗakin sauya kaya yawanci daga nan take tashi, an bar layi ya yi tsawo sannan an ja jarumi ana cikin kallo, sai wata Hajiya da ta tsaya rabin awa da jikoki uku ta biyo shi har ciki.

Kowane mai rufaffiyar fuska yana da ɗan rakiya guda da ba ya barinsa. Shi ke duba agogo, shi ke magana a madadinsa, shi ke hana yara jan wutsiya. Wanda ke cikin kan soso ta raga yake gani, gabansa kaɗai, ba ya ganin yaron da ya rungume masa gwiwa.

Macijin mutum uku ke ɗaukarsa, tsawonsa kamar mita 6. Ku yi haƙarƙarin da zobban bututun roba, a rufe da yadi mara nauyi, kan kuma soso ne da aka ɗaure a kan hular kwano, ragar gani a cikin baki, da ƙaramar fanka mai batir. In za ku kai aikin Suame Magazine, unguwar makanikai da masu walda, ku hana mai walda sa rodi. Zai yi ƙarko, amma ba wuyan da zai ɗauke shi minti 20. Ƙananan yara za su yi kuka. Maciji ya tsaya a bakin rijiyarsa, yaro ne zai matso in ya ga dama, kada uba ya ɗaga shi ya kai shi bakin dole don hoto.

Abin da kowa zai faɗa

Ku ba duk mai aiki a filin ƙaramin kati, har mai sayar da ruwa, da amsoshi biyu. Yaro ya ce, "Yaya, ina macijin?" Kafin la'asar a ce masa, "Yana cikin rijiya, ƙanena, kada ka matsa da guga." Bayan la'asar a ce, "Ai baƙon nan ya sare masa kai, ba ka ji ba?" Ba wanda zai ce ya shiga shan ruwa.

Mai lasifika shi ya fi kowa ɓata wasa, domin zai ga abokinsa ya kira shi da sunan gida, ko ya yi wa Bayajida kirarin angon Daurama tun ƙarfe 2. Ku liƙa masa jadawalin a gabansa. Ɗan rakiya kuma ya duba jaruminsa daga sama har ƙasa kafin a buɗe ƙofa: agogon hannu, waya a aljihu, kambas a ƙarƙashin babbar riga, silifas ɗin wanka da ke leƙowa ƙarƙashin cikin maciji.

Sallah na iya faɗowa cikin damina, wuta ma na iya ɗaukewa. Soso in ya jiƙe nauyinsa ƙaruwa yake sosai kuma ba ya bushewa a dare ɗaya, saboda haka da hadari ya haɗo maciji ya fara shiga. Idan ruwa ya hana wasan kisan, kada ku fito da Bayajida da Daurama tare kamar an yi. Ku tanadi mutum ɗaya mai murya da ganga a matsayin sanƙira, ya zagaya rumfuna yana shelar cewa an wayi gari an tarar da maciji ba kai a bakin Kusugu, sarauniya na neman wanda ya aikata. In ya kammala zagaye, Bayajida ya fito da kan a cikin jakarsa. Wannan kan na biyu ƙarami ne, na yadi da aka cusa wa tsumma, ku sa tela ya ɗinka shi tare da sauran kayan tun farko.