Darasi na 7: Ramin da ke shanye ruwa

A yankin Funakaye na jihar Gombe, wajejen Bajoga, akwai dutsen farar ƙasa kwance a ƙarƙashin gonaki. Da shi masana'antar Ashaka ke yin siminti tun 1979. Gane shi ba wuya. Ku kankare ɗan garinsa, ku ɗiga masa ruwan lemun tsami. In ya yi 'yan kumfa, to shi ne.

Abin da lemun tsami ke yi nan take, ruwan sama ma na yi, amma a hankali. Yana ɗauke da ɗan tsami da ya kwaso daga iska da ƙasa. Sai ya bi tsagar dutsen yana cin sa shekara da shekaru, har tsaga ta zama rami, wani wurin ma kogo. Masana na ce wa irin wannan ƙasa kast, daga sunan wani yanki a ƙasar Sulobeniya.

Yashi na tace ruwa kafin ya kai rijiya. Tsagar dutse ba ta tace komai. Duk abin da aka jefa a ramin, ko mushe ne, ko shara, ko galan ɗin maganin feshi, ruwa zai iya kai dattinsa cikin randarku. Masai ma haka. Akan ce a nisanta shi da rijiya da mita 30, amma a kan irin wannan dutse tazarar ba lallai ta isa ba.

To, wa zai hana? Mutum ɗaya ba zai iya ba, sai an zauna. Mai unguwa ya kira ardo da liman da manoma da masu fasa dutse da ma'aikacin lafiya. Don Allah kada a manta da mata. Na taɓa halartar wani zama, maza suka yi ta musu har la'asar. Can sai wata dattijuwa ta ce daga bakin zaure, "Ranka ya daɗe, duk daren da aka tafka ruwa, kashegari rijiyarmu sai ta dagule, har da ƙaiƙayin gero a guga." Aka yi shiru. Kowa ya san masussuka na bakin wani rami a bayan gari. A ranar aka sa yara maza su kewaye shi da ƙaya.

A irin wannan zama, a bar kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa. Makiyayi ya fi kowa sanin inda ruwa ke ɓacewa a daji. A rubuta abin da aka amince, da wanda zai yi, da ranar sake haɗuwa.

Aiki: Ku zana taswirar unguwarku a ƙasa da tsinke. Ku sa dutse a wurin rijiya, gawayi a wurin juji da masai, ganye a duk inda ruwa ke nutsewa da damina. Sannan kowa ya rubuta a littafinsa: rami, rijiya, juji, zama.