Yadda kulob ɗin ƙauye zai nemi tallafin gwamnati ba tare da jiran kofin ɗan siyasa ba

Duk ƙauyen da ka shiga a Jigawa ko karkarar Kano, daga la'asar sakaliya zuwa magariba zaka tarar da matasa a filin firamare ko bayan gari suna ta buga ƙwallo, wasu da but wasu da takalmin roba wasu ma ba takalmin, kuma in ka tambayi kocinsu me suka taɓa samu daga hukuma amsar kusan ɗaya ce, jesi saiti guda da ƙwallo biyu, shi ma lokacin kamfe, ga hoton mai takara a ƙirji. Abin na damuna ƙwarai, don akwai hanyar da ake bi a samu abin da ya fi wannan, kuma hanyar ta takarda ce. Gwamnati bata san "yaran unguwarmu" ba, ƙungiya mai suna da rajista da asusu ta sani.

Ku fara sanin ƙofar da za ku ƙwanƙwasa. A Abuja tun watan Oktoba 2024 aka rushe ma'aikatar wasanni aka dawo da Hukumar Wasanni ta Ƙasa, aka naɗa Shehu Dikko ya shugabance ta, harkar ƙwallon ƙafa kuma tana hannun hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa wato NFF, ita ce keda reshe a kowace jiha, reshen jiha kuma yana da wakilai a ƙananan hukumomi. A jiha akwai ma'aikatar da ke kula da matasa da wasanni, amma gaskiya kaso mai tsoka na kuɗinta yana tafiya ne wajen riƙe kulob ɗin gwamnati irin Kano Pillars da Jigawa Golden Stars, da kai tawagar jiha manyan gasanni na ƙasa. Toh ku naku rabon yafi kusa a sakatariyar ƙaramar hukuma, Kano na da 44 Jigawa na da 27, kuma kowacce akwai jami'in da aikinsa kenan, matasa da wasanni. Ku nemo shi ku san sunansa da ofishinsa. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kuɗin ƙananan hukumomi su riƙa shiga asusunsu kai tsaye, aiwatarwar dai tana jan ƙafa, amma ko ba komai yanzu kuna da bakin tambayar ciyaman.

Kafin kuje ko ina ku gyara gida. A zauna a zaɓi shugaba, sakatare da ma'aji, kuma dan Allah kada koci ya zama shi ne ma'aji shi ne shugaba shi ne mai ajiye ƙwallo, wannan ne ke kashe kulob da yawa, ranar da aka samu ƴan kuɗi sai zargi ya tashi, sai bango ya tsage ƙadangare ya samu wurin shiga. Ku sa dattijo ɗaya ko biyu a matsayin iyayen ƙungiya, irin tsohon hedimasta ko wani da gari ke jin maganarsa. A rubuta tsarin mulki ko shafi uku ne, sunan kulob, yadda ake zaɓe da shekarun da shugabanni za su yi, kuɗin wata-wata, wa ke sa hannu a fitar da kuɗi, me za a yi wa wanda ya daki alƙalin wasa. Sannan littafin taro, duk zaman da aka yi a rubuta rana da waɗanda suka zo da abin da aka yanke.

Daga nan sai rajista. Ta farko a sashen ci gaban al'umma na ƙaramar hukuma, galibi za su nemi tsarin mulkin nan da sunayen shugabanni da takardar shaida daga dagaci ko hakimi, don haka ku fara ta wajen mai unguwa ya kai ku gun dagaci, kada ku tsallake su. Ta biyu a hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha. Rajistar amintattun ƙungiya a hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa wato CAC tana da kyau amma tana cin kuɗi, akwai buga sanarwa a jarida da jiran kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi, ba sai kun fara da ita ba, sai dai wasu bankunan kan nemi ita kafin su buɗe asusun ƙungiya, ku tambayi reshen da ke kusa da ku tukuna. Asusun ya zama da sunan kulob, masu sa hannu uku, dole biyu su sa kafin kwabo ya fita.

Yanzu ga wurin da nake so ku tsaya da kyau. In kun samu damar roƙon abu ɗaya, ku roƙi fili. Jesi shekara ɗaya ya yage, ƙwallo ƙaya ta fasa ta, amma fili in ya tafi ya tafi kenan, kuma kowa ya ga yadda filayen bayan gari ke ƙarewa, wannan damina kuna wasa, wata damina an shuka gero a rabinsa, bayan shekara biyu an yanka fulotai an kafa harsashi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bada takardar mallaka ta gargajiya a filayen karkara, saboda haka abin da kuke nema yana hannun sakatariya, ba sai an je Dutse ko Kano ba. Ku je gun dagaci da dattawanku ku ce ranka ya daɗe, filin nan da yaranka ke wasa muna so a keɓe shi da sunan gari. Da sunan gari nace, ba sunan koci ko shugaban kulob ba, don kada wata rana magada su ce na babansu ne. A kira jami'in filaye na ƙaramar hukuma ya auna, a kafa duwatsun iyaka, maƙwabtan gona su sa hannu a matsayin shaidu, a yi kwafi uku, ɗaya a fadar dagaci ɗaya a sakatariya ɗaya a wajen sakatarenku. In kuma filin firamare kuke amfani da shi toh na hukumar ilimi ne, ku zauna da hedimasta da kwamitin makaranta a rubuta yarjejeniya, sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ya sani, lokacin da za ku shiga da wanda za ku fita da alƙawarin ba za a fasa tagogi ko a bar shara ba. Ranar da aka zo katange makaranta wannan takardar ce zata sa a bar muku ƙofa.

Maganar kuɗi kuma lokaci ne da ita. Abin da baya cikin kasafi da wuya ya fita, kasafin shekara mai zuwa kuwa tun ƙarshen damina zuwa kaka ake haɗa shi, wanda ya kai takarda a watan Maris yana neman a gyara fili a wannan shekarar ya makara, sai dai a ce masa babu a bajet kuma gaskiya aka faɗa masa. Ku rubuta wasiƙa shafi ɗaya zuwa ga mai girma ciyaman ta hannun kansilan mazaɓarku, ku faɗi ku su waye, yara nawa ne a rajistarku, me kuke so, nawa zai ci. Kada ku rubuta "muna neman taimako" kawai. Ku rubuta turakun raga na ƙarfe guda biyu, raga, tifar ƙasa kaza don cike kwarin da ruwa ke kwanciya, akwatin magani, ku maƙala farashin da mai walda da mai tifa suka baku a rubuce. Sannan ku nuna abin da ku za ku yi da kanku, aikin gayya na share fili da baje ƙasa, ofis yafi sakin kuɗi in ya ga ba komai aka jibga masa ba. Ku kai kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya ku dawo da shi. Wanda bai karɓo wannan kwafin ba, in fayil ya ɓata bashi da abin cewa.

Haka za ku yi da ɗan majalisar jiha da na tarayya, su suna da ayyukan mazaɓu da ake sa wa a kasafi, kuma akan sa gyaran fili ko kayan wasanni a ciki. Shafin intanet na Tracka, na ƙungiyar BudgIT mai sa ido kan kasafin gwamnati, yana bibiyar irin waɗannan ayyuka, mai babbar waya a cikinku ya duba ko an taɓa rubuta wani abu da sunan garinku. Dokar ƴancin samun bayanai ta 2011 ma ta ba kowa damar tambaya a rubuce, kuma ta ce a bada amsa cikin kwana 7. In ana taron jin ra'ayin jama'a kan kasafi ku je da takardarku a hannu, kuma ya fi kyau kulob biyar ko shida na gunduma ɗaya su haɗu su kai buƙata guda, har da masu langa da dambe da kokawa, su ma wasanni ne da ake fafatawa a kansu a gasar wasanni ta ƙasa, haka ɗaliban makarantar ƴan mata in suna da wasan da suke yi.

Shiga kasafi daban, sakin kuɗi daban. Ku naɗa mutum ɗaya mai haƙuri da ladabi ya riƙa leƙawa sakatariya yana tambayar inda fayil ya kwana, ba faɗa ba zagi a Facebook. Kuma ku riƙe kulob nesa da jam'iyya, kowa na da tasa a zuciya amma ranar da kuka sa wa kulob sunan ɗan takara, in ya faɗi zaɓe kun faɗi tare da shi shekara huɗu. In honarabul ya kawo kofi ku karɓa ku yi godiya ku buga, sai dai a rubuta kyautarsa a littafi kamar ta kowa.

Akwai wani kuɗi da mutanenmu ke asara don rashin sani, shi ba na gwamnati ba ne amma rajista ce ke kawo shi. A dokar FIFA, in aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23, kuma tarihin rajistarsa ake dubawa, ba wanda ya fi kowa rantsuwa cewa shi ya koya masa ba. Yaron da kuka yi shekaru kuna saya wa ruwa da maganin targaɗe, in sunansa bai shiga ta hukumar ƙwallo da sunan kulob ɗinku ba, ko sisi ba za ku gani ba. Don haka kowane yaro a nemo masa takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya da lambar NIN da shekarunsa na gaskiya, da sa hannun mahaifi ko waliyyi, kuma duk ejan da yace a kawo kuɗi zai kai yaro Turai gwaji ku tura shi ofishin hukumar ƙwallo ta jiha ya fara nuna lasisinsa.

In Allah ya sa kuɗin ya fito, ko kaɗan ne, a sanar a gaban kowa ranar atisaye, a sayi abin da aka rubuta ba wani abu daban ba, a ajiye rasit, a ɗauki hoton fili kafin aiki da bayansa. Cikin wata ɗaya sakatare ya rubuta rahoto shafi guda da kwafin rasit ɗin ya kai sakatariya a buga masa hatimi, ya bar kwafi a fadar dagaci, wannan rahoton shi za ku maƙala a bayan wasiƙarku ta kasafin baɗi.