Yadda gidan da jama'a suka haɗu a ciki zai rage zafi da kuɗin wuta a Damagaram

Gidanmu ƙofa tara ne, biyar a ƙasa huɗu a sama, mita ɗaya, famfo biyu a tsakar gida. Iyayenmu ne suka haɗa kuɗin ƙungiyarsu suka gina shi, shi ya sa ba mu da mai gida guda da za a kai wa kuka. Kowa mai gida ne, kuma kowa mai biya ne in takardar wuta da ta ruwa sun zo. Wanda ya zauna irin wannan gida a Damagaram ya san yadda zaure yake ɗaukar zafi ranar da takardar watan Mayu ta iso: mai fanka ɗaya ya ce ba zai biya wa mai firij ba, mai firij kuma ya nuna ƙofar mai kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki. Mun yi shekara biyu muna gyara, mun yi daidai a wani wuri mun yi kuskure a wani. Abin da zan faɗa a nan shi ne yadda zan tsara aikin da a ce yau za mu fara, kuma ya shafi gidan gado da gidan haya kamar yadda ya shafi gidan ƙungiya irin namu.

A fara da zama, kafin a sayi ko ƙusa ɗaya. A tara dukan masu ƙofa, kuma a tabbata mata sun zauna, domin su ke yini a gidan, su suka san famfon da ke ɗiga da ɗakin da ba ya shiguwa bayan azahar. A zamanmu na farko maza muna ta maganar sola, sai tsohuwar gidan, wadda duk muke ce wa Inna, ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, fitilar bayan gida tun da aka sa ta ban taɓa ganin ta a kashe ba, ko da rana tsaka. Ku fara da ita." Na ce, "Gaskiyarki, Inna." A wannan zama a fid da mutum uku: mai riƙe kuɗi, mai rubutu, da mai duba kayan gida. A buɗe asusun gida wanda kowace ƙofa za ta riƙa zubawa duk wata, ko da jika ɗaya ce, kuma kada a gauraya shi da kuɗin biyan wuta. Idan gidan haya ne, a samu yardar mai gida a rubuce, da shaidar mai unguwa, kan abin da za a taɓa a jikin gini da wanda zai biya.

Mataki na biyu ƙirga ne. Mai rubutu ya duba mita kowace safiya a lokaci guda har mako biyu, ya rubuta lambar. Sannan a bi ɗaki ɗaki a rubuta duk abin da ke cin wuta da wat ɗin da aka rubuta a jikinsa. Lissafin ba wuya: wat 1,000 na tsawon awa ɗaya shi ne kilowat ɗaya da mita ke ƙirgawa. Fankar sama tana cin wajen wat 60 zuwa 75. Dutsen guga yana cin wat 1,000 ko fiye, kilim ma ya kan haura haka, wato kilim guda ya fi fanka goma sha biyar ci. Da an ga waɗannan lambobi a takarda, gardama kan ragu da kanta.

Akwai wani abu da gidaje da yawa ba su lura da shi ba. Farashin kilowat a takardar kamfanin wuta na NIGELEC hawa-hawa ne: gwargwadon yawan abin da mita ta ƙirga a wata, gwargwadon tsadar kilowat ɗin da ke sama. Idan ƙofa tara suka taru a kan mita ɗaya, gidan gaba ɗaya kan faɗa farashin sama, alhali da kowa tasa mitar gare shi, mai ƙwan fitila biyu da fanka ɗaya da ya tsaya a na ƙasa. Ke nan mai ƙaramin ƙarfi yana biyan tsadar da ba shi ya jawo ba. In da hali, kowace ƙofa ta nemi mitarta. In babu, a sayi ƙananan mitoci a sa wa kowace ƙofa, a raba kuɗi bisa abin da kowa ya sha, fitilun tsakar gida da na zaure kuma a raba daidai. Ƙwararren mai gyaran wuta ne zai yi wannan aiki, kuma yana nan ya duba wayoyin da aka yi wa ɗaurin leda da waɗanda suka yi baƙi, domin waya mai zafi wuta take ci, gobara kuma take kira.

Daga nan sai a koma kan zafi, wanda shi ne uwar matsalar, kuma nan ne na fi so a daɗe. Daga Maris zuwa Mayu zafin garin nan yana haura digiri 40, kuma mafi yawan wutar da muke biya a lokacin ta yaƙi da zafin da muka bari ya shigo ce. Kakanninmu da suka gina sorayen unguwannin Birni da Zango sun san haka: bango mai kauri na ƙasa, rufin azara, ƙananan tagogi a sama, zaure mai inuwa. Shiga ɗaya daga cikinsu da rana tsaka a bazara, ka fito ka shiga ɗakin bulo mai rufin kwano, jikinka zai ba ka labari. Ba za mu rushe gidajenmu mu koma tubali ba, amma muna iya aron dabarar.

Rufi ne farko. Kwano yana ɗaukar zafin da ba a iya ɗora masa hannu, ya sauke shi kan masu ɗaki. A wanke shi, a toshe ramukan ƙusa, a shafa masa farin fenti, domin fari yana mayar da hasken rana maimakon ya shanye shi. Idan rufin na kankare ne, farar ƙasa ta wadatar, ga araha, sai dai a sake shafawa duk shekara bayan damina. A yi aikin da sassafe, a taka kan layin ƙusa inda katako yake, kuma kada a bar yara su hau. Mu gayya muka yi ranar Lahadi, matasa a sama, mata suna miƙo fura. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a nan kuwa jinkar ta gaske ce. Ɗakunan da ba su da silin a sa musu, ko da na tabarma ko zana ne, kuma a bar ƙofofin iska tsakanin silin da kwano ta ɓangarori biyu, a rufe su da raga saboda jemagu. In ba a bar wa iskar nan hanyar fita ba, silin ɗin zai zama murfin tukunya. Masu ƙofofin ƙasa su ma su zuba kuɗin rufi, ko da na sama ne suka fi jin daɗinsa, domin in rufi ya yi yoyo bangon kowa ne ke jiƙa.

Sai bangon yamma, wanda rana ke duka daga azahar har faɗuwarta, ya kwana yana fid da zafi cikin ɗaki. A yi masa rumfar zana da ɗan tazara tsakaninta da bangon, ko a ja igiya a sa wani abu mai yaɗo ya hau. Tagogin gabas da na yamma a yi musu inuwa ta waje. Labulen ciki ba ya hana zafin da ya riga ya ratsa gilashi. A bazara a rufe tagogi da hantsi, a buɗe su da dare in iska ta huce, da raga a jiki saboda sauro.

Bayan wannan ne ake duba kayan wuta, kuma wannan ba ya ɗaukar lokaci. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60 da na LED mai wat 9 haskensu kusan ɗaya ne. Guda goma na tsohon, awa shida kullum, kilowat 108 ne a wata. Na LED kuwa wajen 16. Doguwar fitila mai wat 36 tana da madadi mai wat 18. Fitilun waje a sa musu ƴar na'urar da ke kashe su in gari ya waye. Firij a janye shi daga bango da inda rana ke bugawa, a goge ƙurar bayansa, a gwada robar ƙofarsa: a maƙala takarda a rufe, in ta zare da sauƙi robar ta mutu. Mai kilim ya tsayar da shi a 26, ya kunna fanka tare, ya wanke ragar ƙura duk mako biyu. A watannin da iska ta bushe, na'urar nan mai hura iska ta cikin jiƙaƙƙen ƙyalle tana sanyaya ɗaki da wuta kaɗan, muddin an bar taga a ɗan buɗe, amma tana shan ruwa, kuma da damina ta shigo aikinta ya ragu.

Ruwa kuwa, ba sai an gaya wa ɗan Damagaram darajarsa ba. Mun tashi muna ganin layin jarka a bakin famfo da tsakar dare, muna jiran ƴan ga-ruwa. A rufe dukan famfuna da dare a rubuta lambar mitar ruwa, da asuba a sake dubawa kafin kowa ya buɗe. In lambar ta motsa, akwai bututun da ke zuba a ƙarƙashin ƙasa. Famfon da ke ɗiga a ajiye masa bokiti na kwana ɗaya a nuna wa jama'a abin da ya taru. Robar da za ta tsayar da shi ba ta kai kuɗin jarka biyu ba. Sannan a yi lissafin ruwan sama. Milimita ɗaya a kan rufi mai faɗin murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Garin nan yana samun wajen milimita 400 a shekara, don haka rufi mai murabba'in mita 100 yana zubar da lita 40,000, jarka 1,600 ke nan ta lita 25. Ba duka za a kama ba, amma ko kashi ɗaya cikin huɗu aka tara a tanki an rage sayen ruwan wanki. A haɗa indararo da tanki mai murfi da raga, a bar ruwan farko ya wanke rufin ya tafi, kuma kada a sha sai an tace an tafasa. Rarar ruwan a yi mata hanya nesa da gindin bango. Damunar 2024, wadda ta kayar da tsohon masallacin Birni a watan Satumba, ta nuna mana abin da ruwa ke yi wa gini in ya samu wurin kwanciya.

Ruwan alwala da na ɗauraya a ja shi zuwa gindin itace. Dogon yaro yana da inuwa, yana jure fari, amma saiwarsa tana fasa bango da shadda, don haka a ba shi tazarar taku biyar ko shida, ta yamma ko kudu da ginin. Zogale ba ya cin wuri, ga shi miya. A dasa da damina, ranar 3 ga Agusta ta dashen itatuwa ta dace, a kewaye da ƙaya saboda awaki, kuma kowace itaciya a ɗora ta a wuyan ƙofa ɗaya. Itaciyar da aka ce ta kowa ce, ita ke fara bushewa. Shara a raba ta biyu: ɓawon kayan miya, toka da kashin dabbobi su shiga ramin taki, leda kuma a tara ta daban, kada a ƙona ta a tsakar gida inda yara ke shaƙa. A madafa, wanda ya iya ya koma gas, tunda matatar mai ta SORAZ tana nan kusa da mu. A ajiye tulun gas ɗin inda iska ke ratsawa, a gwada bakin tiyo da ruwan sabulu, in ya yi kumfa akwai yoyo. Mai dafawa da itace ta koma murhu mai tare iska, ta riƙa rufe tukunya, ta jiƙa wake tun dare.

Sola na bari ƙarshe da gangan. Mu da ita muka fara, kuma mun yi asara. Tun lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba ƙasar nan a Agustan 2023, kowa ya ƙagu, muka sayi faranti da batir ba tare da lissafi ba, aka ja waya ɗaki ɗaki, wani ya sa dutsen guga, batirin bai shekara ba ya mutu. Da an rage abin da gida ke ci, solar da ake bukata ƙarama ce. A fara da kayan jama'a kawai. Ƙwai shida masu wat 9 na tsawon awa 11 wajen wat 600 ne, fankar zaure ta awa biyar wat 300, a ƙara cajin wayoyi, ya kama kusan kilowat ɗaya a rana. Faranti mai wat 300 zai ɗauki wannan, da batir mai bolt 12 da amfiya 200. In batirin na ruwa ne ko makamancinsa, kada a bari ya sauka ƙasa da rabi. Na litiyom ya fi tsada, ya fi daɗewa. Farantin ya fuskanci kudu, a ɗan kishingiɗa shi wajen digiri 15, inda inuwar tanki ko ta bango ba ta faɗa masa. Layin solar ya zama daban da na wutar gari, da fis ɗinsa, batir kuma a ɗaki mai iska da kwaɗo, makulli a hannun mai duba kayan gida.

A rubuta a littafin gida nawa kowace ƙofa ta zuba, da abin da za a mayar wa wanda ya tashi, da abin da sabon shigowa zai biya. A rubuta kuma wanda zai hau goge farantin, domin ƙurar hunturu tana rufe shi cikin ƴan kwanaki, caji ya ragu a ɗora wa batir laifi. A gidanmu ƙofa ƙofa ake zagayawa, duk Litinin da Alhamis bayan sallar asuba kafin gilashin ya yi zafi, da tsumma mai laushi da ruwa rabin buta, sauran ruwan a zuba wa zogalen Inna.