Yadda Ake Farfaɗo da Injin Tsohuwar MGB Mai Kafireta Biyu

Duk wanda ya turo tsohuwar mota mai kafireta zuwa Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota a Kumasi, maganar farko da kan fito daga bakinsa ita ce a duba masa kafireta, domin a ganinsa can ciwon yake. A shekarun da na yi ina wannan sana'a a Kumasi, na ga cewa sau da yawa kafiretar ba ta da laifi, ita ce dai ta fi kusa da hannu, shi ya sa kowa yake murɗa ta. Injin da ringinsa ya cinye, ko bawul ɗinsa ba ya rufuwa daidai, ko wutarsa take zuwa a makare, babu saitin kafiretar da zai ba shi lafiya. Saboda haka tsarin aikin shi ne a fara da cikin inji, a bi da bawul, a gyara wuta, sannan a taɓa kafireta daga ƙarshe.

Zan yi bayanin a kan MGB, motar tsere mai kujera biyu da aka ƙera a Abingdon ta Ingila daga 1962 zuwa 1980. Injinta silinda huɗu ne mai girman 1798cc, kuma yawancinsu suna ɗauke da kafireta biyu ƙirar SU. Wanda ya iya wannan ba zai sha wahalar Datsun 240Z ba, domin kafiretar Hitachi da ke kanta a kan tsarin SU aka yi ta. Kafin a haɗa batir a duba shekarar motar, saboda waɗanda aka yi kafin ƙarshen 1967 wayar fozitif ce take kama jikin mota, akasin abin da yaran yanzu suka saba da shi.

Ba a kwance inji sai an ji ta bakinsa. Idan yana tashi, a bar shi ya yi zafi, a cire filogi duka huɗu, a danne totur har ƙasa, a auna matsin kowace silinda. Abin nema shi ne silindojin su yi kusa da juna, kada bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin 100. Wadda ta gaza, a zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin filogi a sake aunawa. Idan matsin ya tashi, ringi ne ya cinye. Idan bai motsa ba, a zargi bawul ko gaskit, musamman idan silinda biyu maƙwabtan juna suka faɗi tare. A kuma dubi agogon mai: lafiyayyen inji yana nuna fam 50 zuwa 80 a kan hanya, wanda kuwa allurarsa take zubewa da zarar ya yi zafi, metal ɗinsa, wato ƙarfen da kiranshaf yake juyawa a kai, ya gaji.

Wajen kwancewa, dokar da maigidana ya fara koya mini ita ce kowane ƙarfe ya koma gidansa. A samu kwali a huda ramuka takwas, a rubuta 1 zuwa 8 daga gaban inji, a jera sandunan da ke tura bawul a ciki, a yi wa bawul ɗin kansu wani kwalin dabam. Murafan kiranshaf da na hannun fistin a buga musu alama kafin a cire su, saboda a masana'anta tare da mazauninsu aka huda su, kuma idan aka musanya su kiranshaf zai cije. A ɗauki hoto da waya a kowane mataki, musamman sandunan da suka haɗa kafireta biyun da sifirin ɗinsu, domin bayan wata guda babu wanda zai tuna inda kowane ya kama.

Daga nan sai awo, kuma awo da maikiromita ake yi, farce da ido ba sa isa. Faɗin silinda na asali milimita 80.26 ne. Idan ta buɗe daga sama ko ta zama kamar ƙwai, a kai bulok wurin masu borin, amma a fara sayen fistin tukuna, a kai musu shi a hannu su yi ramin daidai da shi. Ana samun fistin mai ƙarin inci 0.020 ko 0.030 ko 0.040, kuma hikima ita ce a ci mafi ƙanƙanta da zai share lalacewar, a bar wa gaba nata rabon. Haka kiranshaf, idan ya yi zane a goge shi zuwa girman da ke biye, a sayi metal daidai da shi. A lura cewa injinan farko metal uku ne ke riƙe kiranshaf ɗinsu, daga 1964 aka mayar da su biyar, don haka a ƙirga kafin a aika kasuwar kayan mota ta Abossey Okai a Accra ko a yi odar kaya daga waje.

Tof ɗin wannan inji, wato kan da ke rufe silindoji, na baƙin ƙarfe ne, kuma an yi shi a zamanin fetur mai dalma, wadda take kare mazaunin bawul ɗin hayaƙi daga ci. An daina sayar da irin wannan fetur a Ghana tuntuni, saboda haka tunda tof yana ƙasa, a sa masa mazaunai masu tauri a bawul ɗin hayaƙi huɗu. A duba tsaga da kyau tsakanin silinda ta 2 da ta 3, wurin da su biyun suke fitar da hayaƙi ta ƙofa ɗaya kuma zafi ya fi taruwa. Idan kayan sun dawo daga wurin masu injin gogewa, kada a yarda da wankin da suka yi. A wanke silinda da ruwan zafi da sabulu har sai farin ƙyalle ya shiga ya fito fari, a bi hanyoyin mai da siririn buroshi da iska, a shafa mai nan take don kada tsatsa ta kama, sannan a lulluɓe da leda. A lokacin hunturu ƙurar da ke sauka a rumfa cikin dare ɗaya ta isa ta zana sabon metal.

Haɗawa ba ta da wuya ga mai natsuwa. A saka kowane ringi a silindarsa a auna bakinsa, ya kasance tsakanin inci 0.012 da 0.017, sannan a raba bakunan kada su yi layi ɗaya. A jiƙa kowane metal da mai, a ɗaure manyan murafan kiranshaf zuwa fam 70 da sifana mai ma'auni, kuma bayan kowane murfi a juya kiranshaf da hannu, domin idan ya yi tauri a san wanda ya jawo. A daidaita ɗigo biyun da ke kan haƙoran sarƙar tayimin su fuskanci juna. Notocin tof a ɗaure su daga tsakiya zuwa waje, a hawa uku, har fam 45 zuwa 50. Tazarar bawul inci 0.015 ce da sanyin inji, kuma akwai lissafi mai sauƙi da ake kira dokar tara: idan bawul na 8 ya buɗe gaba ɗaya a saita na 1, idan na 6 ne a saita na 3, kullum jimillar biyun ta ba da tara.

Wuta kuwa, tazarar kwantak inci 0.015 ce, ta filogi inci 0.025, kuma silindoji suna karɓar wuta a jere 1-3-4-2. A girgiza sandar distirbuta da yatsa, idan tana wasa gefe da gefe tazarar kwantak ba za ta taɓa zama ba. A injinan farko ana fara saitin a digiri 10 kafin fistin na ɗaya ya kai ƙololuwa, daga baya a tabbatar da fitilar tayimin.

Yanzu aka zo kan kafireta, kuma ina roƙon mai gyara ya fahimce ta kafin ya ɗauki sukudireba. SU ba ta da tarin jet irin na sauran kafiretoci. Jet ɗaya gare ta, da allura mai tsini da ke shiga cikinsa, allurar kuma tana maƙale a gindin wani fistin da ke hawa da sauka cikin ƙoƙon da ke sama. Idan inji ya ja iska da yawa fistin ya ɗaga, ya zaro allurar, siririn ɓangarenta ya bar wa fetur hanya. Wannan sauƙin ne ya sa nake baƙin ciki idan na ga an cire su an jefar an ɗora kafiretar wata mota, alhali har yau kamfanin Burlen a Ingila yana yin kayan gyaransu.

A kwance su ɗaya bayan ɗaya, kada a zuba su a kwano guda, domin kowane fistin da ƙoƙonsa aka auna shi. Wani yarona ya taɓa ganin ƙoƙon ya yi baƙi daga ciki, sai ya bi shi da samfefa har ya yi ƙyalli, ya kawo mini yana murna yana cewa, "Masta, ka ga yadda ya fito." Ban yi masa faɗa ba, saboda ni ne ban gaya masa ba, amma ƙoƙon ya tashi daga aiki, domin iska tana zurarewa ta gefen fistin kuma ba ya ɗagawa daidai da ɗan'uwansa. Fetur da ƙyalle mai laushi kaɗai ake wanke shi da su. Bayan haka a kama sandar da ke riƙe faifan totur a girgiza. Idan tana wasa, iska tana satar hanya ta nan, silo, wato gudun inji ba a taka totur ba, ba zai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba, kuma maganin shi ne sabuwar sanda da sabon bushi. A canza allura da jet tare, a tabbatar lambar allurar iri ɗaya ce a duka biyun, kafaɗarta kuma ta yi daidai da gindin fistin. A ɗaga fistin da yatsa a sake shi: dole ya faɗo da kansa a ji ƙarar "ƙwas" a ƙasa, in ba haka ba jet bai zauna a tsakiya ba, sai a sassauta a sake daidaita shi. A jijjiga fulot kusa da kunne, idan an ji fetur a ciki ya huje. Wanda ya canza famfon mai kuma ya nemi mai ƙaramin ƙarfi, kamar fam 2 zuwa 3, domin mai ƙarfi yana rinjayar fulot fetur ya malalo a kan salansa mai zafi, tunda a wannan inji kafireta da bututun hayaƙi gefe ɗaya suke. Daga ƙarshe a zuba mai mara kauri a bututun da ke tsakiyar ƙoƙon, wanda yake hana fistin zabura idan an taka totur. Motar da ke shaƙewa lokacin da aka taka ta, sau da yawa wannan man ne ya ƙare.

Saitin farko shi ne a murɗa notin jet sama har bakin jet ya yi daidai da gadar da ke cikin maƙogwaron kafireta, sannan a dawo da shi ƙasa zagaye biyu cif, wato fuska 12 ta notin. Kafin a tayar, a cire filogi a juya inji da sitata har agogon mai ya motsa. Idan ya tashi kada a bar shi a silo, a riƙe shi wajen juyi 2,000 a minti har tsawon minti 20 domin kamshaf ya zauna da abokan aikinsa, ido yana kan zafi da yoyo.

Sai inji ya yi zafi sosai ake daidaita biyun. A cire filtar iska, a sassauta maɗaurin sandar da ta haɗa su domin kowace ta tsaya da ƙafarta. A ɗauki guntun tiyo, baki ɗaya a kunne, ɗayan a bakin kafireta, a saurari shuuu ɗin iska, sannan a koma ɗaya kafiretar a ajiye tiyon a daidai wurin da aka ajiye a ta farko. A riƙa murɗa sukurun silo har sautin biyun ya zama ɗaya, injin kuma yana wajen juyi 800. Wannan aiki yana son shiru, shi ya sa nake yin sa da sassafe bayan asuba, kafin masu walda da masu bugun bodi su cika Magazine da ƙara. Daga nan a koma kan fetur. A gefen kowace kafireta akwai ɗan fil da ke ɗaga fistin kaɗan, ƙasa da milimita ɗaya. Idan an tura shi inji ya ɗan ɗaga murya ya koma yadda yake, an dace. Idan ya ɗaga ya ci gaba da gudu, fetur ya yi yawa, a murɗa notin sama. Idan ya nemi mutuwa, fetur ya yi kaɗan, a sauke notin ƙasa. Fuska ɗaya ake murɗawa a lokaci guda, a taka totur sau ɗaya don ya share maƙogwaro, a sake gwadawa, kuma a riƙa zagayawa tsakanin biyun saboda gyaran ɗaya yana taɓa ɗayar. Idan an gama a sake sauraron tiyo, a ɗaure maɗaurin, a tabbatar cok yana sakin jet biyun su koma mazauninsu sarai, a mayar da filta.

Gwajin gaskiya a kan hanya yake. Hawan dutsen da ke kan hanyar Mampong yana tona asirin saiti: idan aka ji inji yana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani lokacin da yake jan hawa, wuta ta yi gaba, a dawo da distirbuta baya kaɗan. Bayan tafiyar a cire filogi a duba, launin ƙasa-ƙasa shi ake so, baƙi mai toka yana nufin fetur ya yi yawa, fari fat kuma yana nufin ya yi kaɗan, wanda shi ne mai ƙona bawul. Cunkoson kasuwar Kejetia da rana tsaka shi ma gwaji ne, domin idan motar tana mutuwa a can kuma ta ƙi tashi sai ta huce, a duba farantin da ke tare zafi tsakanin salansa da kafireta, wanda masu gyara da yawa suke cirewa su manta. A kilomita 800 na farko kada a wuce juyi 3,000 kuma kada a bar inji yana nishi a babbar giya. Idan an cika su a zubar da mai a sa sabon 20W-50 da sabuwar filta, a sake ɗaure notocin tof da sanyin inji, a sake auna bawul tunda ɗaurin yana rage tazararsu, sannan a ɗauko tiyo a sake sauraron kafiretocin.