Yadda za ka samu lauyan da ya san harkar gado da wasiyya a garinku

Abu na farko dai, kar ka jira sai an yi sadakar uku kafin ka fara neman lauya. Lokacin da ya fi dacewa shi ne tun tsoho yana zaune da hankalinsa, yana iya cewa wancan filin na Hotoro nawa ne, wancan kuma amanar ƙanena ce aka bar min. In ya rasu da wannan maganar a cikinsa, toh sai dai a yi ta rantse-rantse a gaban alƙali.

Ba kowane lauya ne zai yi maka wannan aikin ba. Wani gwani ne a belin mutane a ofishin 'yan sanda, wani rijistar kamfani ya iya, amma ka tambaye shi yadda matan mamaci huɗu za su raba tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas na gado, sai ya fara lalube a waya. Wanda kake nema shi ne wanda ya san hanya biyu, domin a Arewa gadon Musulmi kotun shari'ar Musulunci ce ke raba shi, in ba a gamsu ba a ɗaukaka ƙara, amma kuɗin banki da fansho galibi sai an je sashen kula da dukiyar mamaci na babbar kotun jiha an karɓo takardar izini, wadda ma'aikatan banki ke ce wa leta of adiministireshan. Lauyan da ya san ɗaya bai san ɗaya ba zai bar ku a tsakiyar hanya.

Kuma ya zama ɗan gari. Wlh wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda kullum yana zirga-zirga a rajistirin kotun ya san fom ɗin da ake cikewa, ya san sai an kawo takardar shaidar mutuwa da masu tsayawa, ya san za a buga sanarwa a jarida a jira ko wani zai fito ya ce bai yarda ba, ya kuma san yadda ake binciken fili a hukumar adana bayanan filaye, wato KANGIS in Kano ne, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. Ka ɗauko wani babban lauya daga Legas, kuɗin jirgi kaɗai ya ishe ku.

Wa za ka tambaya? Dangin da suka taɓa raba gado lafiya, limamin unguwa, ko ka je ofishin reshen ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa, wato NBA, na garinku. In kun haɗu ka duba takardar da ya sa wa hannu, ya kamata ka ga hatimin NBA ɗauke da sunansa da lambarsa. Akwai masu yawo da baƙar kwat a harabar kotu waɗanda ko makarantar lauyoyi ba su taɓa takawa ba.

Zaman farko ka gwada shi da tambaya. Ka ce masa Baba yana so ya rubuta wasiyya ya bar wa babban ɗansa gida. In ya ce ba komai a kawo kuɗi, ka tashi ka sa takalminka. Wanda ya sani zai ce maka wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji wasiyya sai in sauran magada sun amince, sannan bashi ake fara biya kafin wasiyya, kafin rabo. Zai ce in Baba na son ba ɗansa gida toh ya ba shi kyauta yanzu da lafiyarsa, gaban shaidu, ɗan ya karɓa ya riƙe a hannunsa, domin a mazhabar Malikiyya kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya rasu komawa cikin gado take yi. Nan ne gidaje da yawa ke rikicewa, uba ya ce na ba ka da baki amma shi ke karɓar kuɗin haya har ranar da ya cika.

Ka tambaye shi kuma zancen sunan da ake rubutawa a fom ɗin banki, nes of kin ɗin nan. Mutane na ɗauka wanda aka rubuta shi ke cinye kuɗin, alhali shi kawai wanda za a tuntuɓa ne. Haka takardar wakilci da tsoho ke ba ɗansa don ya riƙa sa masa hannu in jiki ya yi rauni, tana da amfani sosai, amma da zarar ya rasu ta daina aiki. In Baba ma'aikaci ne ya rasu yana kan aiki, dokar fansho ta 2014 ta tanadi inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, lauya mai kyau shi zai tuna muku ku bi ta. Mai son ya bar wakafi, ko shago ne don marayu ko rijiya, a rubuta waye zai kula da shi da wanda zai gaje shi a kulawar.

Sai maganar kuɗi. Ku yi ta tun farko kuma a rubuce, kaso ne cikin dukiyar ko kuɗi ne tsayayye, kuma kuɗin da kotu ke karɓa daban yake da nasa, a ba ku rasit. Kwafin takardun fili za ku ba shi, na asali su zauna a hannunku sai ranar da kotu ta nema. In babu halin biya, a gwada ofishin hukumar taimaka wa marasa hali da lauya kyauta, wato Legal Aid Council, na jiharku, zawarawa kuma su leƙa wajen ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.