Yadda ake gane irin ram ɗin da ke cikin kwamfuta kafin a sayo wani

Ƙanen matata da ke karatu a Gwagwalada ya kira ni wata ranar Asabar, muryarsa a sanyaye.

"Yaya, na sayo ram mai giga takwas, amma ya ƙi shiga."

"Ka danna shi da ƙarfi?"

"A'a, na ji tsoro."

"To ka yi wa kanka gata. Ɗauki hoton takardar da ke manne a jikinsa, da ta wanda ke cikin kwamfutar, ka turo min."

Hotunan na shigowa na ga inda gizo ke saƙa. Kwamfutarsa HP EliteBook 840 G2 ce, nau'in ram da ake kira DDR3L take ci, shi kuwa wani nau'in daban, DDR4, ya sayo. Ya shiga kasuwa da kalma ɗaya a bakinsa, giga takwas, aka ba shi abin da ya tambaya. Yawan giga kuwa shi ne na ƙarshe a abin da ake dubawa.

Da farko, ka tabbata ram ne matsalar

Ram shi ne teburin da kwamfuta ke baza aikin da take yi a yanzu. Idan teburin ya cika, sai ta riƙa kai kaya ma'ajiya tana ɗaukowa, a nan ne nauyin yake farawa. Ka buɗe duk abin da ka saba buɗewa, Chrome da shafukansa, Word, Zoom, sannan ka danna Ctrl da Shift da Esc tare. Task Manager zai fito. Shiga Performance. Idan Memory ya kusa cika, ƙari zai yi amfani. Idan kuwa Memory na rabi amma Disk, wato ma'ajiyar, ya maƙale a kashi 100, kuma tsohon faifai mai juyawa ne a ciki, to SSD kake buƙata, wato ma'ajiya mai sauri marar faifai, kuɗin ram ɗinka zai tafi a banza.

Abin da allo zai faɗa maka

Kana nan a Performance, danna Memory. A sama ta dama akwai jimillar giga. A ƙasa akwai layi uku da za ka rubuta a takarda. Speed shi ne gudun ram ɗin, kamar 1600 ko 2400 ko 3200. Slots used yana faɗin gurbin zura ram nawa ne a cike, misali 1 cikin 2. Form factor kuma siffarsa ce: SODIMM gajere ne na kwamfutar tafi-da-gidanka, DIMM dogo ne na kwamfutar tebur. Idan ka ga an rubuta Row of chips, galibi ram ɗin a like yake da dalma a jikin babban allon da ke cikin kwamfutar, wanda duk kayanta ke haɗe a kansa, ba ya cirewa.

Ban cika yarda da lissafin gurbin nan ba. Na sha ganin Windows ya ce gurbi huɗu ne, a buɗe a tarar da biyu. Shi ya sa nake ƙarawa da wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna CPU-Z. Shafinta na Memory zai faɗa maka ko DDR3 ne ko DDR4 ko DDR5, shafin SPD kuma zai nuna maka kowane gurbi daban, da kamfanin da ya ƙera da lambar kayan. Abu ɗaya ke ruɗa mutane a cikinta: rabin gudu take nunawa. Ka ga 800, ram ɗinka mai 1600 ne. Ka ga 1200, mai 2400 ne. Babu wanda ya cuce ka.

Takardar da ke jikin ram

A nan ne gaskiyar take, kuma wanda ya iya karanta wannan 'yar takardar ba a yi masa wayo a kasuwa. Kashe kwamfutar, cire caja, kwance murfin ƙasa, ka duba. Za ka ga rubutu irin wannan: 4GB 1Rx8 PC3L-12800S.

Na farkon yawan giga ne. PC3 na nufin DDR3, PC4 na nufin DDR4, PC5 kuma DDR5. Waɗannan zuriyoyi uku ba sa shiga gurbin juna. Tsagar da ke tsakanin haƙoran zinariyar nan a wuri daban take a kowace zuriya, kuma da gangan aka yi hakan. A gajeren ram, DDR3 haƙora 204 gare shi, DDR4 260, DDR5 262. A dogon, DDR3 na da 240, DDR4 da DDR5 kuwa duk 288 ne, amma tsagar ta raba su. Ba sai ka zauna ƙirga haƙora ba, ka jera biyu kusa da juna za ka gani da idonka.

Harafin L ɗin da ke bayan PC3 shi ne ya fi cin kuɗin mutane, domin DDR3 da DDR3L siffarsu ɗaya, kowanne zai shiga gurbin ɗan'uwansa lafiya lau. Bambancin a wuta yake: DDR3 na aiki da 1.5V, DDR3L da 1.35V. Kwamfutocin tafi-da-gidanka masu Intel zuriya ta huɗu da ta biyar, wato waɗanda lambar furosesansu (ƙwaƙwalwar kwamfutar) ke farawa da 4 ko 5 kamar i5-4300U, mai L suke so. Ka sa musu marar L, suna iya kunnuwa allo ya tsaya baƙi. Shi kuwa mai L yawanci yana aiki a tsohuwar kwamfuta mai 1.5V. Don haka idan kana kokwanto a DDR3, ɗauki mai L. Irin waɗannan kwamfutocin ne suka cika hannun ɗalibai da masu shagunan buga takardu, shi ya sa na daɗe a kan wannan harafin.

Sai lambar da ke biye. A DDR3 ka raba ta da takwas ka sami gudu: 12800 ya zama 1600, 10600 kuma shi ne mai 1333. A DDR4 sun sauƙaƙa, gudun suke rubutawa kai tsaye da harafi a wutsiya: PC4-2133P, PC4-2400T, PC4-2666V, PC4-3200AA.

A DDR3, harafin ƙarshe ma magana ne. S gajere ne, U dogo ne na kwamfutar tebur ta gida, R kuwa na manyan kwamfutocin da ake kira saba ne. Wannan R ɗin yakan zo da giga mai yawa a farashi mai jan hankali, amma kwamfutar gida ba ta tashi da shi. A DDR4 haruffan suna can gaba a layin, inda za ka ga SA ko UA ko RA da makamantansu. Ma'anar harafin farko ɗaya ce.

1Rx8 ko 2Rx8 tsarin ƙwayoyin da ke jiki ne. Sababbin kwamfutoci ba su damu ba. Tsofaffi na wajejen 2010 ne ke da tsirfa, wasu sukan ƙi 4GB mai 1Rx8 su karɓi mai 2Rx8.

Nawa kwamfutar za ta iya ɗauka

Kowace kwamfuta na da iyaka. Ka juya ta ka karanta cikakken sunanta, ka nemi bayaninta a shafin kamfanin da ya ƙera. Cikakke na ce, domin harafi ɗaya na sauya komai. EliteBook 840 G2 DDR3L ce, G3 DDR4 ce. ThinkPad T480 gurbi biyu gare ta, T480s kuwa gurbi ɗaya ne, sauran ram ɗin a like yake. A kwamfutar tebur mai Intel zuriya ta 12, babban allon ne ke yanke hukunci, wani na DDR4 ne wani na DDR5. MacBook mai furosesa M1 da waɗanda suka biyo baya tun 2020 ba a ƙara musu komai, abin da ka saya da shi za ka zauna.

Ka kuma leƙa Settings, System, About. Idan Windows ɗinka mai bit 32 ne, ba zai yi amfani da fiye da giga huɗu ba ko ka zuba masa sha shida.

A ganina, giga huɗu da Windows 11 ya sa a matsayin mafi ƙaranci na kunnawa ne kawai, ba na aiki ba. Takwas ya ishi mai rubutu da lilo a intanet. Mai zanen gini ko haɗa bidiyo ya nemi sha shida zuwa sama.

A kasuwa

In da hali, ka sayi tagwaye: giga ɗaya, gudu ɗaya. Guda biyu masu giga takwas sun fi guda ɗaya mai sha shida sauri, saboda kwamfutar na jan su ta hanya biyu a lokaci guda. Amma in kana da huɗu ka ƙara takwas, zai yi aiki, ka sami sha biyu. In gudunsu ya bambanta, duka za su koma gudun wanda ya fi ƙarancin sauri, don haka kada ka biya kuɗin 3200 alhali 2400 ne zai zauna a gefensa. Ba dole ba ne kamfani ya zama ɗaya, Samsung da SK hynix da Micron da Kingston suna zama tare a yawancin lokuta.

Idan kasuwar Banex za ka a Wuse 2 da ke Abuja, ko duk inda kake sayayya, ka tafi da kwamfutar kanta da cajinta. A sa ram ɗin a gabanka, a kunna, ka buɗe CPU-Z ka ga ko abin da ke kan takarda shi ne abin da ke ciki. Takarda ana iya sake manna ta. Ram na hannu ba laifi ba ne, yana cikin kayan da ba su cika lalacewa ba, amma ka duba haƙoran kada a sami ƙuna ko karce mai zurfi. Kafin ka miƙa kuɗi ka tambaya, "Oga, in ya ba ni matsala kwana nawa ka ba ni in dawo da shi?" A rubuta amsar a jikin rasit.

Sawa

Kashe kwamfutar gaba ɗaya, ba barci ba. Cire caja da batir. In batirin na ciki ne, zare wayarsa daga allon a hankali. Danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi don sauran wutar ta fita. A lokacin hunturu, sa'ad da taɓa ƙofar mota ma ke jan mutum, ka taɓa wani ƙarfe tukuna, kada ka yi aikin a kan darduma ko katifa, kuma ka riƙe ram ɗin ta gefe. Wannan ɗan tartsatsin da ba ka ɗauka a bakin komai ba yana iya kashe shi.

Gajeren ram ana zura shi ne a karkace, tsaga ta dace da tsaga, har haƙoran su kusa ɓacewa, sannan a kwantar da shi sai maƙallan gefe sun ce ƙas. Dogon kuwa a miƙe ake danna shi bayan an buɗe maƙallan. In ya ƙi, kada ka tilasta, juya shi ko ka sake karanta takardar.

Kunnawar farko na iya ɗaukar lokaci, musamman a DDR5, allo baƙi na minti ɗaya ko fiye. Ka yi haƙuri. In ya wuce haka, ko kwamfutar ta fara ƙara ko ƙyafta fitila, kashe ka cire ka sake zurawa da kyau, sau da yawa bai zauna ba ne. In ta tashi, danna maɓallin Windows da R, rubuta mdsched.exe, ka bar ta ta sake kunnuwa ta gwada ram ɗin. Ka yi wannan gwajin a daren da ka sayo, tun kwanakin da ke kan rasit ba su ƙare ba.